Man Gida da Man Waje: Wa Ke Yanka Wa Fetur Kuɗi?

Akwai tambaya guda da ta yi ta zuwa mana, tun daga bakin masu lodin hatsi a Dawanau har masu kai shanu kudu. Cewa su ke yi, tun da an fara tace fetur a ƙasar nan, ina dalilin da bai koma araha ba? Waɗansu kuma suka ƙara da cewa, in muka ƙi man waje muka tsaya kan na gida kaɗai, ashe ba sai kuɗinsa ya faɗi ba? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin mai yana cikin kowane buhu da mu ke jera farashinsa a takardar nan. Buhun masara ba ya takawa da ƙafarsa daga Saminaka zuwa Ikko.

To bari mu fara daga abin da kowa ya sani. Mai ƙuli-ƙuli ita ce matatar mai ta farko da muka buɗe ido muka gani. Ta sayi gyaɗa, ta soya, ta kai niƙa, ta matse, mai ya fita gefe, tunkuza ta fita gefe. Ran da tiyar gyaɗa ta tashi a kasuwa, kwalbar manta ma tashi ta ke yi, ko da a bayan gidansu aka noma gyaɗar. Kai, ko mijinta ne manomin, da wuya ya ba ta buhu a rabin kuɗi alhali ga ɗan kasuwa a ƙofar gida da kuɗi cif a hannu. In kuwa ya ba ta, ragin nan daga aljihunsa ya fita. Wanda ya riƙe wannan misali ya gane rabin zancen fetur.

Gyaɗar matatar fetur ita ce ɗanyen mai, shi kuwa kasuwarsa guda ce a duniya duka, da dalar Amurka a ke cinikinsa, kuma da ganga a ke awo. Ganga ɗaya lita 159 ce. Jirgin ruwa yana iya ɗaukar man Bonny ya kai Turai ko Indiya, saboda haka ba mai sayar wa matatar gida a ƙasa da abin da baƙo zai biya, sai fa in wani ya yarda ya cike gibin.

Ga lissafi, kowa ya gwada a bayan takardar lodi. A ce ganga tana dala 80. In aka raba da 159, kowace lita ta ɗanyen mai ta tashi wajen rabin dala ke nan, tun ba a tace ba, ba a ɗora a mota ba. Lokacin da dala ta ke wajen naira 460 a banki, watau farkon 2023, rabin dalar nan naira 230 ce. Da aka saki naira cikin watan Yuni na 2023, ta yi ta zamewa har dala ta haura naira 1,500 cikin Fabrairu na 2024. Rabin dalar nan sai ta koma naira 750. Ganga ba ta motsa ba, rijiyar ba ta canja wuri ba, amma kuɗi ya ninka har sau uku. Gaskiya ne ganga ba fetur zalla ta ke bayarwa ba, akwai gas na manyan motoci da kananzir da man jirgin sama da kwalta, kowanne da kuɗinsa, kamar yadda tunkuza ke rage wa mai ƙuli tsadar gyaɗa. Duk da haka lissafin bai kauce ƙwarai ba.

Ita gangar me ke ɗaga ta? Yawanci abubuwan da ke faruwa nesa da mu ne. Dattawa za su tuna yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoba 1973, da ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen 12 cikin 'yan watanni. Kuɗin nan ne ya kwararo mana zamanin Udoji. Cikin 1986 kasuwar ta rushe. Cikin Yuli 2008 ganga ta taɓa dala 147. Cikin Afrilu 2020, da annobar korona ta tsai da motoci da jirage, mai ya rasa mai saye. Da Rasha ta shiga Yukren cikin 2022 ya sake haura dala 120. Ƙungiyar OPEC, wadda aka kafa a Bagadaza cikin 1960 kuma Nijeriya ta shige ta cikin 1971, takan taru ta rage haƙa ko ta ƙara don ta juya farashi, kuma tun 2016 da Rasha su ke shawara. Ko Amurka, da ta fi kowace ƙasa haƙo ɗanyen mai kuma ga matatu birjik, cikin Yuni 2022 mutanenta sun sayi galan a dala 5.

Wani zai ce, to ai da can muna shan mai da araha. Haka ne. Cikin 1982 lita kwabo 20 ce, cikin 1986 aka mai da ita kwabo 39 da rabi, mutane suka yi ta guna-guni. A lokacin matatunmu na aiki: ta Fatakwal tun 1965, ta Wari 1978, ta Kaduna 1980, sa'an nan sabuwar Fatakwal ta zo cikin 1989. In aka haɗa su duka, an gina su ne don su tace ganga 445,000 a rana. Amma arahar nan gwamnati ce ke yanka ta, ita ce mijin mai ƙuli da ke ba da buhu a rabin kuɗi. Da matatun suka yi ta lalacewa, sai muka koma sayar da ɗanye muna sayo tatacce daga Turai, gwamnati na biyan bambanci. Abin da a ke kira tallafi ke nan. Cikin 2022 kaɗai ya ci fiye da naira tiriliyan 4. Ƙasashen da a ke ba da labarin arahar mansu, irin su Libiya da Iran, su ma haka abin ya ke: baitulmali ke ɗauka.

An sha gwada janye shi. Ran 1 ga Janairu 2012 Shugaba Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik, aka sauko 97. Cikin Mayu 2016 Shugaba Buhari ya kai ta 145. Ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, a jawabinsa na kama mulki. Kafin mako ya zagayo, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma 488 a Ikko, 557 a Maiduguri.

Ku lura da bambancin nan na Ikko da Maiduguri, domin mu mutanen arewa ya fi shafa. Tun 1975 aka kafa asusun daidaita farashi, mai biyan kuɗin jigila don lita ta zama kuɗi ɗaya a bakin teku da bakin Tabkin Chadi. An kuma shimfiɗa bututu zuwa daffo-daffo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola. Ɓarayi suka yi ta fasa bututun har aka bar dogara da shi, dokar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin sabuwar hukumar da ke lura da harkar, daga baya aka saki farashi. Abin da ya rage shi ne tanka mai lita 33,000 ko 45,000, ta taso daga Ikko ta yi tafiyar kilomita 1,000 da ɗoriya kafin ta ga Kano. Tankar nan gas ta ke sha, taya ta ke ci, ga direba da yaransa, ga 'yan abin da a ke ajewa a shingaye, wanda ba ya shiga rasit amma yana shiga lita. Matata a bakin teku ba ta rage ko taku ɗaya na wannan hanya ba.

Yanzu sai matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda ita ta jawo tambayar. An buɗe ta cikin Mayu 2023, an gina ta kan ganga 650,000 a rana, watau ta fi huɗun gwamnati a haɗe. Ta fara ba da gas da man jirgin sama farkon 2024, fetur kuwa sai tsakiyar Satumba na shekarar. Mutane da yawa sun zaci ran nan araha za ta sauka. Wata ɗaya bayan haka, cikin Oktoba, gidajen man NNPC suka rubuta naira 998 a Ikko, 1,030 a Abuja. Dalilin shi ne lissafin da muka yi a sama, ga kuma NNPC ta daina cike gibin da ta ci gaba da cikewa a bayan fage.

Tun 1 ga Oktoba 2024 aka shirya a riƙa sayar wa matatar ɗanyen mai da naira. Wannan ya rage mata wahalar neman dala, amma kuɗin gangar na duniya ne, juya shi kawai a ke yi zuwa naira bisa canjin ranar. Kuma man da a ke ba ta bai ishe ta ba. Abin da Nijeriya ta haƙa a 2024 da 2025 wajen ganga miliyan 1.5 ne a rana, wani kaso na kamfanonin da ke haƙar ne, wani an riga an jinginar da shi don biyan bashi. Shi ya sa matatar ta riƙa sayo ɗanye har daga Amurka. To kun ji, man da mu ke kira na gida, wani sa'i gyaɗarsa daga Texas ta fito. Cikin Maris 2025 ma, da wa'adin yarjejeniyar nairar ya zo ƙarewa, matatar ta dakatar da sayarwa da naira na 'yan makonni, nan da nan famfo ya motsa, sai da aka sabunta.

Kada a ce mun ce matatar gida ba ta da amfani. Tana da shi ƙwarai. Kuɗin jirgi zuwa Turai da dawowa ya fita daga lissafi, da inshora, da ladan da jirgi ke ci in ya daɗe a tashar ruwa bai sauke ba. Dalar da masu shigo da mai ke wawasa a kasuwar canji ta ragu, wannan kuwa sauƙi ne ga mai sayo shadda da mai sayo kayan gyaran mota. Layin nan na kwana a gidan mai, da 'yan bumburutu ke cin kasuwarsu a gefe, shi ma ya yi sauƙi. Cikin 2025 an rage kuɗin lita sau da dama har ta sauko ƙasa da naira 900 a Ikko. Sai dai a shekarar ganga ma ta sauko daga wajen dala 80 zuwa 60 da wani abu, naira kuma ta tsaya wuri ɗaya. Ba mu tauye wa matata haƙƙinta ba, amma ba ita kaɗai ta yi aikin ba.

Maganar a ƙaurace wa man waje kuwa, mai mota ba shi da hanyar yin ta ko ya so. Mai gidan mai yakan sayi tanka daga daffon da ya fi masa sauƙi a ranar, ya juye a rijiya ɗaya da ragowar ta jiya. Abin da ke fita a famfo gauraye ne, ko yaron da ke riƙe da tiyo bai san asalinsa ba. Mai iya rufe ƙofa gwamnati ce, ta hanyar lasisi ko haraji. An je kotu kan lasisin shigo da mai cikin 2024, kuma cikin Oktoba 2025 an amince da harajin kashi 15 cikin ɗari kan man waje, aka dakatar da shi cikin Nuwamba da aka yi ta kuka. Ra'ayinmu a nan, mu 'yan kasuwa, ba ɓoyayye ba ne. Duk layin da mai sayarwa ya zama ɗaya, mun san yadda a ke taya kaya a cikinsa. Jirgin man waje da ke tsaye a teku, ko ba a saye shi ba, shi ke hana na gida wuce gona da iri.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ganin wani ɓangaren wannan. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki ƙarshen 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, kuma hukuma ce ke yanka farashi. Cikin Yuli 2024 aka sauko da lita zuwa sefa 499, watau dala ɗari ba kaɗan a ƙidayar mutanen can, dalarsu ta sefa biyar. Shekara da shekaru man Nijeriya mai tallafi ke tsallakawa a jarka ta Maigatari da Jibiya da Illela yana cike musu gibi. Da namu ya yi tsada, fasa-ƙwaurin ya ja baya, jama'a suka koma gidajen mai gaba ɗaya, matatar ta kasa ɗaukar nauyin. Cikin Maris 2025 aka yi ƙarancin mai a Yamai da sauran garuruwa, har sai da tankoki suka tafi daga Nijeriya. Farashi a allo yana nan da sauƙi, famfo kuwa a bushe.

Saura abu ɗaya da masu lodi ke yawan ƙorafi a kai, cewa mai yana hawa da gudu ya sauko da rarrafe. In rediyo ya ce an ƙara, kafin azahar allo ya canja, domin mai gidan mai yana lissafin kuɗin tankar da zai sayo gobe. In aka ce an rage, sai ya ce rijiyarsa cike ta ke da tsohon kaya, ga tanka biyu a hanya da ya biya da tsada. Mu ma haka mu ke yi da shinkafa, kada mu yi ta zagi. Ragin da aka yi a Lekki yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso Kano, ya ƙara waɗansu kafin Nguru ko Mubi. Saboda haka wanda zai yi jinga da mai mota ran da aka sanar da ragi, ya bar kuɗin mota a buɗe zuwa ranar lodi. Ran da aka sanar da ƙari kuwa, ya yanke a take, ya ba da kafin alƙalami.