Sabon bawul ɗin zuciya da yaran Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai faci ya san bawul, wato ɗan ƙarfen nan da ke barin iska ta shiga taya amma ya hana ta fitowa. Irin wannan aiki ne Allah Ya ɗora wa wasu ƙofofi huɗu da ke cikin zuciyar ɗan Adam, shi ya sa likitoci ma da wannan suna suke kiran su. Kowace ƙofa tana da 'yan ƙyamare na tantani, sirara ƙwarai, waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya dawo baya. Suna yin haka kimanin sau 100,000 a kwana guda, wato kusan sau miliyan 40 a shekara, ba hutun Juma'a balle na Sallah. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta tsuke ko ta fara yoyo, sai zuciya ta shiga aikin ƙarfi, ta kumbura, mutum ya riƙa haki daga ɗaki zuwa bakin rijiya, ƙafafunsa su haye, barci ma ya gagara sai a zaune.

Shekarun nan ana yawan ba da labarin wani bawul na zamani da ake sa wa mutum ba tare da an tsaga masa ƙirji ba, kuma 'yan bokonmu kan karanta su jinjina wa Turawa. Ni ma na jinjina. Sai dai ina so mai karatu ya biyo ni mu dubi wannan ƙira daga kudancin Jihar Katsina, daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mu ga ko da mu aka yi lissafin.

Bawul na farko da ya yi nasara sosai shi ne wanda likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka ƙera a Amurka, aka fara dasa shi a 1960. Ba wani abu ba ne illa ƙwallo a cikin ɗan kejin ƙarfe. Daga nan aka yi ta gyare-gyare har aka zo kan mai ƙyamare biyu na kamfanin St. Jude a 1977, wanda irinsa ne aka fi dasawa a yau idan an ce bawul na ƙarfe. Wannan iri yana da ƙarko, yakan daɗe fiye da mai shi, amma jini yana son daskarewa a jikinsa, don haka wanda aka sa wa dole ya sha maganin tsinka jini mai suna wafarin har ƙarshen rayuwarsa.

Gudun wannan wahala ya sa wasu suka koma ga tantanin dabba. Alain Carpentier a birnin Paris ya gano yadda za a jeme bawul ɗin alade da wani sinadari, kusan kamar yadda majemi ke yi wa fata, don kada jikin mutum ya ƙi shi. Marian Ionescu kuma a Leeds ta Ingila ya fara ɗinka bawul a 1971 daga tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya. Amma tantani ba ya tsayuwa da kansa, sai an ɗinka shi a jikin firam mai ƙafa uku, kuma a nan matsala ta fito. Firam na farko sandararre ne, ba ya motsi. Duk rufewar da bawul ya yi, nauyin jini sai ya sauka a daidai wurin ɗinkin, a yi haka sau miliyoyi har tantanin ya yage. A 1971 likita Robert Reis da injiniya Warren Hancock da abokan aikinsu suka fito da dabarar yin firam da roba mai lanƙwasa, wanda ƙafafunsa ke ɗan sunkuyawa ciki idan jini ya buga, su miƙe idan ya saki. Duk wanda ya ga yadda ake ɗaure tsaikon ɗakin ciyawa ya san hikimar: itacen da ke rausayawa da iska ya fi busasshe jure wa guguwa.

A 1989 wani likitan ƙasar Danmak, Henning Rud Andersen, ya ce me zai hana a matse firam ɗin gaba ɗaya ya tsuke, a zura shi ta jijiyar jini, sai ya isa zuciya a buɗe shi kamar laima? Ya lanƙwasa waya da hannunsa, ya sayo zukatan alade a wajen mahauta, ya gwada a jikin dabba, abin ya yi. Manyan mujallun likitanci suka ƙi buga masa, sai a 1992 aikin ya fito. Ranar 16 ga Afrilun 2002 Alain Cribier ya sa wa wani mutum ɗan shekara 57 irin wannan bawul a birnin Rouen na Faransa, mutumin da likitocin tiyata suka ce ba zai jure wa wuƙa ba. A yau wasu firam ɗin da balan-balan ake hura su, wasu kuma da wani ƙarfe mai suna nitinol ake yin su, gamin nikel da titaniyam, wanda ake matse shi a cikin ruwan sanyi, da ya ji ɗumin jiki sai ya koma siffarsa ta asali. Ana shiga ta jijiyar matsematsi, tsoho ya koma gida cikin kwana biyu ko uku.

Abin tambaya a nan shi ne, wane ciwo aka ƙera wannan bawul ya magance? Ciwon tsufa ne. A Turai da Amurka mafi yawan masu matsalar bawul sun haura shekara 70, kuma ƙofar da ke bakin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce ke sandare musu, saboda sinadarin kalsiyam ya taru a kanta ya zama kamar tsakuwa. Wannan tsakuwar ita ce sabon firam yake dafewa a jikinta ya tsaya. In babu ita, yana iya zamewa.

Namu ciwon daban ne, kuma daga maƙogwaro yake farawa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 zai kamu da ciwon wuya da zazzaɓi sanadiyyar wata ƙwayar cuta mai yaɗuwa a inda ake cunkoso, ɗakin kwana ɗaya mutum goma, ko aji ɗaya yara ɗari. A gida a ba shi farasitamol, ko a ce belu ne a kira wanzami. Wuya ya warke, kowa ya manta. Bayan mako biyu zuwa uku, a jikin wasu yaran, garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar cutar sai ta ruɗe ta far wa gaɓoɓi da zuciya. Gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne. Wata yarinyar hannuwanta su riƙa fizga ba da sonta ba, a ce iska ce. Duk dawowar da ciwon ya yi sai ya bar tabo a ƙyamaren zuciya, kuma ƙofar da ya fi ci ita ce wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, wadda likitoci ke kira maitiral, ba wadda Cribier ya gyara ba. Ko da ya taɓa waccan ɗin ma, a jikin matashi yawanci yoyo yake sa ta, babu tsakuwar da firam zai kama.

Sama da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kuma kashe fiye da 300,000 a kowace shekara. Wani babban bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015 ya bi majinyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka bibiya sun rasu. A mata da yawa ciwon ba ya bayyana sai da ciki, lokacin da jinin jiki ya ƙaru, tsukakkiyar ƙofa ta kasa ɗauka.

Mu ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 19 a wani ƙauye na Sabuwa, dangi sun sayar da gona da shanun noma, an kai ta har inda ake tiyatar zuciya. Likita zai ajiye mata zaɓi biyu, kowanne da ƙayarsa. Idan aka sa mata na tantani, a jikin matashi yana saurin lalacewa, wani lokaci bai kai shekara goma ba, sai a sake tsaga ƙirji, ga shi babu gona ta biyu. Idan aka sa mata na ƙarfe, to ta ƙulla aure da wafarin. Wannan magani ba a shan sa da ka. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan jini ya daskare a kan bawul ya toshe shi, ko gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Dole a riƙa auna jininta a kai a kai, aƙalla wata-wata, ana daidaita ƙwayar. Hatta ganyen da take ci yana sauya ƙarfin maganin, don haka awon damina, lokacin da alayyahu da sauran ganye suka wadata, ba lallai ya zama na rani ba. Sannan wafarin yana iya nakasa ɗan tayi a watannin farko, ita kuwa amarya ce, dangin miji sun zuba ido.

Yanzu a ɗora wannan a kan hanyar da za ta bi. Mai karatu bai manta ba, a daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku, aka yi watanni a haka. Ba ina ƙalubalantar dalilin tsaro da aka bayar ba ne. Ina cewa ne mai bawul na ƙarfe da ke Faskari a waɗannan watanni ba ta da wayar da za ta kira likitanta, ga shi kowace fita zuwa Funtuwa ko Malumfashi, balle Shika ko Kano, sai an yi shahada. Wanda ya ƙera bawul ɗin ya ɗauka akwai ɗakin gwaje-gwaje a bayan gida.

Wasu kan tsaya a kan batun alade, su ce Musulmi ba zai yarda ba. Wannan ba ita ce matsalar ba. Malamai sun san hukuncin larura, kuma bawul da dama na yau da tantanin zuciyar saniya ake ɗinka su. Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne, ƙasar da ake zubar da jini a kan shanu, wannan ɗan tantanin da ke fita daga kowace saniya a mayanka bai kai darajar ganda ba, alhali a wata nahiya shi ake jemewa a sayar da kuɗin da ya fi na garke.

Akwai masu tunanin irin majinyatanmu. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, Farfesa Peter Zilla da abokan aikinsa sun kafa kamfanin Strait Access Technologies, suna ƙoƙarin ƙera firam mai hannuwa da zai riƙe ƙyamaren da ba su da tsakuwa, da kuma ƙyamare na roba da ake fatan za su daɗe a jikin matashi ba tare da wafarin ba. Aikin bai kai ga asibitocinmu ba tukuna. Indiya ta ƙera nata bawul na ƙarfe mai rahusa, Chitra, ta fara dasa shi tun 1990. Mu kuwa an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya ranar 1 ga Fabrairun 1974 a Inugu, Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, amma bayan fiye da shekara hamsin har yanzu yawancin cibiyoyinmu jefi-jefi suke yi, galibi sai baƙin likitoci sun zo.

Abin da ke hannunmu ya girmi duk waɗannan ƙere-ƙere, wato fenisilin. Allura ɗaya, ko ƙwaya ta kwana goma, a lokacin ciwon wuyan tana hana zazzaɓin da ke cin zuciya tasowa. Wanda ya riga ya kamu kuma, allura ɗaya duk mako uku ko huɗu, na tsawon shekaru, tana hana shi dawowa ya ƙara ɓarna. An gwada wannan a gundumar Gulu ta arewacin Yuganda, yankin da shi ma ya sha yaƙi, aka buga sakamakon a 2021. An bi makarantu da ƙaramar na'urar hoton zuciya, aka zaƙulo yaran da ciwon ya fara taɓawa ba su sani ba. Bayan shekara biyu, cikin waɗanda ake yi wa allura yara 3 ne kacal ciwonsu ya ci gaba, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa 33. Tun a watan Mayun 2018 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri kan wannan ciwo, ta nemi ƙasashe su sa shi cikin kiwon lafiya na matakin farko.

Saboda haka roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku bai kai kuɗin bawul ɗaya na nitinol ba a kowace gunduma. A buɗe rajista a manyan asibitoci da ƙananan cibiyoyi, mai ɗauke da sunan kowane yaro da aka gano da ranar allurarsa ta gaba, a ba shi kati da zai nuna a duk inda gudun hijira ya kai shi, Funtuwa ce ko Katsina. A tabbatar allurar tana nan kyauta, a horar da ma'aikatan jinya yadda za su yi ta, domin tana da zafi kuma da yawansu suna tsoron yin ta. A koya wa masu kemis da malaman firamare da na allo, har da wanzamai, cewa ciwon wuya mai zazzaɓi ba tare da mura ko tari ba na asibiti ne. Likitocinmu na zuciya da ke Kano da Zariya da Katsina kuma su ɗauki 'yar na'urar nan da ke shiga jaka su fara da makarantun kwana, ita kanta Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara ta zama ta farko.