Alƙaluman Jarida a Ma'aunin Bincike: Misalin Timishwara, 1989

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a jawo hankalin malamai da manazarta ga wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, watau ɗaukar adadin da jarida ta buga a shigar da shi cikin lacca ko littafi ba tare da an tambayi asalinsa ba. Magana ana yi mata gardama, amma da zarar lamba ta fito sai kowa ya yi tsit, sai ka ce wanda ya rubuta ta shi ya ƙirga da hannunsa. Za a duba misali guda daga ƙasar Rumaniya, saboda an bi diddiginsa har an gano inda aka kauce, sa'an nan a ɗan kwatanta shi da wani na nan gida.

2.0 Yadda Adadin Ya Samo Asali

A tsakiyar watan Disamba na 1989 mutanen birnin Timishwara suka yi bore ga mulkin Nikolai Chaushesku, kuma ran 17 ga wata sojoji suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, saboda haka babu wakilin jaridar waje da ya ga abin da idonsa. Labari sai ta bakin matafiya da kamfanonin dillancin labaru na ƙasashen Gabashin Turai. Daga can ne adadin mamata 4,630 ya ɓullo, manyan jaridun Turai ta Yamma suka ɗauka, wannan ta kwafa daga waccan, har ya zama kamar shaidu da yawa ne suka haɗu a kan magana ɗaya, alhali kuwa bakin guda ne.

A lura da siffar lambar ita kanta. Da an ce "dubbai" ne, da mai karatu ya gane kintace ake yi. Amma 4,630 ta yi kama da abin da aka ɗebo daga rajistar asibiti, wannan 30 ɗin da ke wutsiyarta ita ce ta saya mata mutunci. A ganina nan ne babban tarkon, domin lambar da ta fita filla-filla ba ta fi dunƙulalliya gaskiya ba, ta dai fi ta iya shiga rai.

Ran 22 ga Disamba, ranar da Chaushesku ya gudu daga Bukares, aka nuna wa 'yan jarida gawawwaki 19 da aka tono a maƙabartar talakawa ta Timishwara, har da wata mace da aka ɗora mata jaririya a ciki. Talabijin ya yaɗa hotunan ko'ina a duniya. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a nan gani ne ya zo ya ɗaure wa ji gindi. Kwana uku bayan haka, a shari'ar gaggawa da aka yi wa Chaushesku da matarsa kafin a harbe su, an tuhume su da kisan mutum fiye da 60,000.

A watan Janairu na 1990 asiri ya tonu. Gawawwakin na mutanen da suka mutu ne kafin boren, ɗinkin da aka ɗauka alamar azaba ce ɗinkin likitoci ne bayan binciken gawa, jaririyar kuwa ba 'yar matar ba ce. Ƙididdigar hukuma daga baya ta nuna mutum 1,104 suka mutu a duk ƙasar, akasarinsu bayan faɗuwar Chaushesku, na Timishwara kuwa kimanin 100 ne.

Kada a fahimci cewa ba a yi kisa ba. An yi, har ma jami'an gwamnati sun kwashe gawa kimanin 40 daga asibitin birnin a ɓoye, suka kai Bukares suka ƙone. Mutanen da suka shiga tonon kaburbura 'yan'uwansu da suka ɓace suke nema. Laifin na masu ɗaukar labari ne, waɗanda ba su tsaya sun tambayi likita ko ɗaya kwana nawa gawar ta yi a ƙasa ba. Illar kuwa a kan mamatan gaskiya ta faɗa, don sunan birninsu ya koma abin misali na ƙaryar jarida, ba na zaluncin da aka yi musu ba.

3.0 Tambayoyin da Suka Wajaba

Manazarci ba zai iya komawa fagen fama ya sake ƙirga ba, amma yana iya tambayar wa ya ƙirga, me ya ƙirga, kuma yana ina sa'ad da ya ƙirga. Ya kuma tambayi wanda zai ci riba in adadin ya kumbura ko ya motse. A Rumaniya sabbin masu mulki suna da bukatar hujjar kashe tsohon shugaba cikin gaggawa.

Irin waɗannan tambayoyi sun dace da abin da ya auku a Baga ta Jihar Barno a farkon Janairu na 2015, lokacin da 'yan Boko Haram suka afka wa garin. Kafofin labaru sun yayata cewa mamata sun kai 2,000, bisa kintacen wani jami'in yankin da maganar waɗanda suka tsere. Hukumar tsaron Nijeriya ta ce ba su wuce 150 ba, har da 'yan ta'addan a ciki. Garin kuwa a lokacin yana hannun maharan, ga shi mai gudun ransa ba ya tsayawa lissafi, hukumar da aka ƙwace wa sansani kuma tana da dalilin rage adadi. Abin da aka ƙirga da gaske shi ne gine-gine: ƙungiyar Amnesty International ta kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na ran 2 da ran 7 ga Janairu, ta sami fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga. Wannan adadi yana da mai shi, yana da rana, ana kuma iya sake duba shi, amma rufin ɗakuna ya ƙirga, bai faɗi mutum nawa ke ciki ba.