Wa Ya Shafa Ja a Tagar Mai Sayarwa?

Manhajar kantin magani ce, an gina ta da Qt. Tagogi biyu gare ta, kuma jerin magunguna ɗaya suke nunawa: ɗaya tana gaban mai sayarwa, ɗayar tana wurin mai kula da sito. Buƙatar mai kanti ba ta da yawa. Duk maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa ya fito da ja a tagar sito kaɗai, don kada mai saye ya leƙo allo ya tsorata. Mai rubuta manhajar ya kira setBackground a kan layukan da abin ya shafa, daga cikin sashen da ke kula da tagar sito. Yana kunnawa, sai ga ja a tagogin biyu.

Dokokin ado na QSS ya fara zargi. Ya cire su kaf, jan bai motsa ba. Sai ya yi zaton ko taga ɗaya ya ɗora a wuri biyu bisa kuskure. Wannan zato bai je ko'ina ba, domin da ya danna wani layi a gaban mai sayarwa, babu abin da ya haskaka a sito. Tagogin dai kowace da kanta take. Amma gwajin ya bar tambaya mai kyau: me ya sa zaɓin layi ya tsaya a taga ɗaya, launi kuwa ya tsallaka?

Amsar rabin farko mai sauƙi ce: kowace taga tana da nata QItemSelectionModel. Don gano na biyu, ya sa manhajar ta buga saƙo duk sanda aka kira data(), wato ƙofar da tagogi ke bi su tambayi ma'ajiyar bayanai. Saƙonni suka yi ta zuba. Wane rubutu za a nuna? Wane salon harafi? Wane launin baya? Kowace tambaya abu biyu take ɗauke da su, matsayin layin da irin bayanin da ake so. Babu na uku da zai ce ga wadda ke tambaya. Ashe setBackground ba a kan taga yake rubutu ba, ko daga ina aka kira shi. A cikin ma'ajiya yake ajiye launin, ƙarƙashin Qt::BackgroundRole, kuma duk tagar da ta tambaya amsa ɗaya za ta samu.

Da gangan aka yi haka. Tun 1979 Trygve Reenskaug ya tsara raba bayanai da masu nuna su a Xerox PARC, kuma kamfanin Trolltech na ƙasar Norway ya shigo da tsarin cikin Qt 4 a 2005. Sai dai a ganina Qt ɗin ma da nasa laifi. Tunda ya buɗe wa launi gurbi a cikin ma'ajiya, dole mutane su zuba shi a can, kuma ba a gane illar sai ranar da taga ta biyu ta zo.

Gyaran ya fara da raba gaskiya da kwalliya. Ranar ƙarewar wa'adi gaskiya ce, ta shiga ma'ajiya ƙarƙashin Qt::UserRole + 1. Ja kuwa ra'ayin sito ne, don haka aka damƙa shi ga wakilin da ke zana layuka. Mai rubuta manhajar ya ƙirƙiri wakili da ya gaji QStyledItemDelegate, wanda ya zo da Qt 4.4 a 2008, ya sake rubuta initStyleOption yadda zai duba ranar ya cika backgroundBrush, sannan ya ɗora shi a tagar sito da setItemDelegate.

Ya sake kunnawa. Har yanzu ja a gaban mai sayarwa!

Wannan karon bai sha wuya ba. Tsohon kiran setBackground yana nan bai goge ba, shi kuma wakilin da Qt ke bai wa kowace taga tun asali yana karanta BackgroundRole ba tare da musu ba. Yana share kiran, tagar mai sayarwa ta koma fara tas.

Akwai wata hanya: a sa QIdentityProxyModel, wanda ya zo da Qt 4.8, tsakanin ma'ajiya da tagar sito, ya riƙa sauya amsar launi. Tana aiki, amma duk matsayin da ya fito daga tagar sai an mayar da shi da mapToSource kafin a miƙa wa ma'ajiya, kuma nan ake yawan mantuwa. Idan kuma gobe mai sayarwa ya nemi irin jan, a ƙirƙira masa nasa wakilin. Takardun Qt sun yi gargaɗi kan haɗa tagogi biyu da wakili guda, domin dukkansu za su ji siginar closeEditor, har wata ta nemi rufe akwatin gyaran da 'yar'uwarta ta riga ta rufe.