Kalmomi Uku na Warkarwa a Harshen Pitjantjatjara

A tsakiyar hamadar Ostareliya akwai wata al'umma daga cikin mutanen ƙasar na asali, waɗanda ke kiran kansu Anangu, watau mutane. Ɗaya daga cikin harsunansu shi ne Pitjantjatjara. Wanda ke so ya gane abin da suka ɗauka lafiya ce, to, ya dubi kalmomi uku na wannan harshe, domin hikimar mutane a bakinsu take.

Ta fari ita ce tjukurpa. Turawa sun fassara ta da mafarki, amma fassarar ta gaza. Tjukurpa ta haɗa labarin kakannin farko waɗanda suka ratsa ƙasa suka bar duwatsu da maɓuɓɓugai, da waƙoƙin da ke riƙe da labarin, da kuma dokar zaman jama'a. Kowane mutum yana da wurin da haƙƙin kula da shi ya rataya a wuyansa, ta haka ya san ko shi wane ne, ya san aikinsa a duniya. Saboda haka raba shi da ƙasarsa ciwo ne. An kuwa raba da yawa. A 1956 da 1957 Ingila ta gwada bam na nukiliya a Maralinga, aka kawar da mutanen yankin daga wurarensu. Har ila yau hukuma ta daɗe tana ƙwace 'ya'yan mutanen asali daga hannun iyayensu, abin da Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kansa a 2008.

Ta biyu ita ce kurunpa. Kalmar Hausa mafi kusa da ita ita ce kurwa, ko da yake kamar da ke tsakaninsu a furuci katari ne kawai, harsunan ba su haɗa asali ba. A ganin Anangu, firgita ko baƙin ciki mai tsanani kan sa kurunpa ta goce daga mazauninta, sai mutum ya yi sanyi, ya kasa barci, ya rasa sha'awar kome. Mai komar da ita shi ne ngangkari, masanin warkarwa, namiji ko mace, wanda galibi kan gaji aikin tun yana yaro daga wajen kakanni. Yakan duba mara lafiya, ya saurare shi, ya shafa jikinsa da hannu har ta koma inda take. Ngangkari ba su ce kowace cuta tasu ce ba: ciwon sukari da na ƙoda sukan bar wa asibiti.

Ta uku ita ce kulini, wadda ke nufin saurare, da tunani, da fahimta, duka a kalma guda, kamar yadda Bahaushe kan ji magana, ya ji Larabci, ya kuma ji zafi. Daga gare ta aka sami sunan Uti Kulintjaku, watau a saurara a fahimta sarai, wani shiri da Majalisar Matan NPY ta soma a 2012. Wannan majalisa, wadda aka kafa a 1980, ta zaunar da ngangkari da dattijai mata tare da likitocin ƙwaƙwalwa, suna bin kalmomin damuwa ɗaya ɗaya, kowane ɓangare yana bayyana wa ɗan'uwansa abin da yake nufi. Dalili kuwa a fili yake: likitan da bai ji sunan da mara lafiya ya ba ciwonsa ba, da wuya ya yi masa magani.

Hukuma ma ta soma saurare. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Jihar Ostareliya ta Kudu, ta 2009, ta yarda a haɗa kai da masu maganin gargajiya wajen kula da mutanen asali, har ngangkari suka riƙa shiga asibitoci suna duba marasa lafiya.