Masu Naɗar Waƙa a Ƙaramin Shago

A Birnin Kudu, kusa da zane-zanen nan na mutanen da, akwai duwatsu masu amo waɗanda in an buga su sai su yi ƙara kamar kuge. Duwatsun suna nan daram, amma kiɗan da aka yi da su ya bi masu shi, don ba wanda ya naɗe shi. Waƙa ba ta wuce zamaninta sai ta sami mai naɗa, kuma sau da yawa mai naɗar nan ƙaramin ɗan kasuwa ne.

Haka abin ya kasance a Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan kamfanonin faifai sun kau da kai daga kiɗan bulus na baƙar fata, sai ƙanana suka shiga gurbin. A 1950 'yan'uwa biyu suka kafa Chess a Chikago, kamfanin da ya yaɗa muryar Muddy Waters, mutumin da ya taso a gonakin auduga na Misisifi. Berry Gordy da rancen dala 800 daga danginsa ya fara Motown a 1959. Stax kuwa a tsohon gidan siliman Memfis ya zauna, kuma a bakin ƙofa Estelle Axton, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ta buɗe shagon faifai, tana lura da waƙar da samarin unguwa ke sa a maimaita musu. Kunnen nan da ke kusa da mai saye shi ne jarinsu na gaskiya, kuma shi ne na 'yan kaset na Ƙofar Wambai a Kano, waɗanda ta hannunsu muryoyin Shata da Haruna Uji suka yawaita a teburan kasuwanni irin na Sara da Gwaram.

Za a ce ai 'yan cuta ne, kuma ba a rasa gaskiya a maganar. Mawaƙi kan karɓi kuɗi sau ɗaya, mai riƙe da uwar kaset ya yi ta kwafa shekara da shekaru. Shi kansa Stax sai da ya ɗanɗana, domin da ya rabu da kamfanin Atlantic mai rarraba masa faifai a 1968 ya tarar yarjejeniya ta mallaka wa Atlantic tsofaffin faya-fayansa. Sai dai mai wannan suka ya manta ba wani babban kamfani mai adalci da ke jiran makaɗin gurmi a lokacin. In ƙaramin bai naɗa ba, shiru ne. Laifin yana ga takardar da ba a rubuta ba, ko aka rubuta ba a karanta ba. Yau ma da mai tura waƙa a waya ya gaji mai kaset, yana cika memori a rumfar caji, mawaƙi da mai situdiyo duk ba wanda ke ganin sisi daga cinikin.