KAFIRETA KO INJEKTA: ZAƁIN DA KE GABAN DIREBOBIN AZARE

A ƙasar Amurka akwai masu sha'awar ƙara wa injin tsohuwar mota ƙarfi don tsere, kuma sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi tsakanin kafireta da injekta. Su dai nishaɗi suke yi. Amma ga direban haya da ke lodi daga Azare zuwa Kano, ko Potiskum, ko tsohon garin Katagum a Ƙaramar Hukumar Zaki, wannan magana ce ta abincin iyali.

Duka na'urorin biyu aikinsu ɗaya, watau haɗa fetur da iska kafin su shiga injin, kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur. Kafireta tana barin iskar da injin ke zuƙa ta jawo mai ta wata 'yar ƙofa. Ita kuwa injekta famfo ne ke tura mata mai da ƙarfi, ƙwaƙwalwar mota kuma ta auna abin da za a fesa, ba ƙari ba ragi.

Kanikawanmu na dauri a kan kafireta suka buɗi ido, musamman tun da aka fara harhaɗa Fijo 504 a Kaduna cikin 1975. In ƙurar hunturu ta toshe ta a bakin hanya, sukundireba da ɗan fetur sun isa a kwance ta, a wanke, a hura, a ci gaba da tafiya. Aibinta shi ne shan mai, da wuyar tashi da sanyin asuba.

Injekta mai aiki da lantarki ta shiga kasuwa sosai a 1967, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya sa ta a wata motar Volkswagen. Dokar rage hayaƙi da ƙasashen Turai suka kafa a 1992 ita ta kori kafireta daga sababbin motocinsu. Saboda haka 'yan Kwatanon da suka cika tashoshinmu, galibinsu masu injekta ne.

To, ga inda gizo ke saƙa. Injekta ba ta shiri da gurɓataccen mai, irin wanda ya lalata motoci a Nijeriya cikin Fabrairun shekarar 2022, ko wanda ya kwana a jarkar 'yan bumburutu. In ta tsaya, sai da na'urar gwaji ake gano ciwonta. Wannan ya sa waɗansu kanikawa kan ba mai mota shawarar a cire ta a ɗora kafireta. Amma fa tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, wanda ya bi wannan shawara ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin abin da ya tsira da shi a gareji zai bar shi a gidan mai.

Shawararmu ita ce, mai tsohuwar Fijo da ke bin hanyoyin ƙauye ya riƙe kafiretarsa, ya riƙa wanke matatar iska. Wanda motarsa ta zo da injekta kuwa ya bar ta yadda take, ya sha mai a inda ya amince, ya canja matatar mai a kan kari. Sauran aiki yana wuyan ƙungiyoyin kanikawa da makarantun koyon sana'a na ƙasar Katagum, su koya wa yaran gareji karatun na'urar gwaji, don kada rashin sani ya riƙa cinye ribar direba. Allah Ya kiyaye hanya.