Raddi ga Masu Cewa Aiki Sai da Hanya

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun matasa, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Sanyinna, har Kebbe da Kuchi: wai a zamanin nan aiki sai da hanya. In kana da wani a sama, ko barci kake yi za a kawo maka takardar kama aiki har gida. In ba ka da kowa, ƙwazonka da amanarka ba za su tsinana maka komai ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa koyon ladabin aiki ɓata lokaci ne, abin da ya kamaci saurayi shi ne ya nemi ubangida.

Masu wannan magana ba ragwaye ba ne, kuma ba a sama suka tsinto ta ba. Da yawansu sun gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu har sun yi bautar ƙasa, sun dawo gida suna kallon wanda bai kai su karatu ba ya shige ofis. A shekarar 2023 Majalisar Wakilai da kanta ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. Ke nan son kai wajen ɗaukar aiki gaskiya ne, ba na musun sa. Abin da nake ja da shi shi ne hukuncin da aka gina a kansa.

Mu fara da lissafi. In da hanya ce maganin rashin aiki, ai da yankinmu ya daɗe da warkewa. Ɗan wannan mazaɓa ta Kebbe da Tambuwal, Aminu Waziri Tambuwal, ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, sannan ya yi gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Da wuya wani yanki ya samu hanyar da ta fi wannan faɗi. Amma duk da haka masu takarda a hannu suna nan a kowace unguwa. Ba zargi nake yi ba. Kujerun gwamnati ƙidayayyu ne, masu kammala karatu kuwa kowace shekara ƙaruwa suke yi. Wanda ya jingina rayuwarsa a kan hanya ya jingina ta ne a kan abin da ko ya samu, ba zai ishi kowa ba.

To ina aikin yake? Yana wurin mai kemis, da mai shagon POS, da mai makarantar kuɗi, da mai gidan mai a kan titin Sakkwato zuwa Jega, da mai injin casar shinkafa, da dillalin albasa mai loda mota zuwa Kudu. Su ma, in ji matasa, ba sa ɗaukar wanda ba su sani ba. Haka ne. Ka je neman aiki, tambayar farko da Alhaji zai yi wa na kusa da shi ita ce, “Wanga yaro ɗan wa na?” Sai dai a nan ne aka yi wa tambayar gurguwar fahimta. Mutumin da zai damƙa wa yaro jakar kuɗi da na'urar POS tun safe har dare, ba yarjejeniya a rubuce, ba inshora, ba kuma lokacin zaryar kotu, me ya rage masa in ba shaidar mutane ba? Ba matsayin mahaifinka yake tambaya ba. So yake ya ji wa zai tsaya maka, wa zai ce ya taɓa ba ka ajiya ya same ta yadda ya bari. Abin da ake kira hanya a kasuwa, sau da yawa, labarin halinka ne da ya riga ka isa.

Wannan ba sabon tsari ba ne. Da shi fataucin goro da na shanu suka rayu tsakanin ƙasar Hausa da Kurmi. A Sabo ta Ibadan maigida ne ke tsayawa tsakanin baƙon da ya kawo shanu da mahaucin da zai ɗauka bashi, kuma jarinsa na gaskiya shi ne sanin wanda ke cika alkawari. 'Yan ci-ranin da ke barin ƙauyukanmu bayan kaka sun san haka sarai: wanda ya yi aiki tsakani da Allah bara, shi ake nema bana, har a ce ya zo da ƙanensa.

Sannan a tambayi masu ɗaukar aikin me ke raba su da yaransu. Da wuya ka ji sun ce rashin takarda. Abin da za ka ji shi ne an buɗe shago ƙarfe tara maimakon bakwai. Ko yaro ya tafi ɗaurin aure kwana biyu bai faɗa wa kowa ba, alhali da ya faɗa, ba mai hana shi zumunci. Ko mai saye na tsaye shi kuwa kansa na kan waya. Mafi muni shi ne “aro” daga kuɗin ciniki da niyyar za a mayar; niyyar kan kasance gaskiya, amma ranar da aka yi lissafi ba niyya ake ƙirgawa ba. Akwai kuma ɓoye ɓarna: an ba da canji fiye da kima ko an fasa kaya, sai a yi shiru har maigida ya gano da kansa. Yawancin iyayen gida za su yafe asarar. Shirun ne ba sa yafewa. Ɗan 'yar'uwar mai shago ma in ya yi waɗannan, za a lallaɓa a raba shi da aljihun tebur, ko da an bar shi yana zaman benci don kunyar uwarsa.

Ga mai neman hujja daga addini, Suratul Ƙasas ta ba da labarin yadda aka ɗauki Annabi Musa (AS) aiki a Madyana. Baƙo ne, ba dangi, ba wanda ya san shi. An gan shi ne a bakin rijiya yana taimakon mata biyu ba tare da an yi masa alkawarin lada ba, kuma abin da aka ambata wajen ba da shawarar a ɗauke shi abu biyu ne, ƙarfi da amana.

Saura hujjar da ta fi nauyi, kuma ita ce na fi tausaya wa masu ita: ladan bai taka kara ya karya ba. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk wani shago da ƙaramar makaranta a Tambuwal da Kebbe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ake ba wasu malaman makarantun kuɗi da ƙyar yake wuce kuɗin mashin da sabulu. Matashi na da cikakken haƙƙin ya yi ciniki a kan ladansa, ko ya ce bai iya ba, ko ya yi sallama cikin mutunci ya nemi wani wuri. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya amsa aiki sannan ya rama ƙarancin albashi da sakaci. Garuruwanmu ƙanana ne. Mai kemis da mai gidan mai sahu ɗaya suke sallar Magariba, kuma suna hira bayan an sallame.

Iyayen gida su ma akwai nasu kason. Mai jan albashi har tsakiyar wata na gaba, da mai riƙe yaro shekara da shekaru ba maganar sallama ko ɗan jari, su ne ke ba wannan magana ta hanya ƙarfin da take da shi. Wanda ke son a buɗe masa shago ƙarfe bakwai, ya faɗi ranar biya tun ranar ɗauka, a gaban wanda ya kawo yaron, kuma ranar ta zo ya biya.